Tsokaci a Kan Koyar da Ɗa'ar Bincike ga Ɗaliban Manyan Digiri

A shekarar 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ɗa'ar binciken lafiya, shekara 11 bayan kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, inda iyaye suka koka cewa ba a nemi yardarsu ba. Kundin ya kyauta da ya wajabta neman izinin kwamiti da amincewar wanda bincike ya shafa.

Sai dai muna ganin giɓi biyu a horon da aka gina a kansa. Na farko, ya karkata ga likitanci. Ɗalibin adabi mai naɗar tatsuniya daga bakin tsohuwa, ko waƙa daga bakin makaɗi, ba ya samun jagora kan haƙƙin masu abin. Na biyu, da Ingilishi ake koyarwa, alhali da Hausa ɗalibin zai nemi yarda a karkara. Dangwala yatsa a takardar da mutum bai fahimta ba, ba yarda ba ce.

Saboda haka muna ba da shawarar a shigar da ɗa'ar bincike cikin darasin dabarun bincike, a kuma daidaita keɓaɓɓun kalmominta da Hausa.