Makbes a Bakin Masu Zambo

Rikicin kalmomin jinsi ya yi ƙamari a ƙasashen Turawa. A shekarar 2019 ƙamus ɗin Merriam-Webster ya zaɓi lamirin jam'i na Ingilishi, wanda ake ambaton mutum ɗaya da shi ba tare da nuna jinsinsa ba, a matsayin kalmar shekara. A 2021 kuma daftarin kasafin kuɗin Amurka ya kira iyaye mata "mutane masu haihuwa". Masu zambo sun sami nama, kuma wasan Makbes na Shakespeare, wanda aka fara bugawa a 1623, ya zame musu wuƙa.

Dabarar mai sauƙi ce. An yi wa Makbes duba cewa babu wanda mace ta haifa da zai iya cutar da shi. Sai mai zambo ya cire "mace" ya sa sabuwar kalma, duban ya rikice, 'yan kallo su tuntsire da dariya.

A ganinmu wannan dariya ta yi arha, domin tarkon duban yana cikin kalmar "haihuwa". Makdaf, wanda ya kashe Makbes, tsaga cikin mahaifiyarsa aka yi aka ciro shi. Sauya sunan mace bai taɓa wannan ƙulli ba ko kaɗan.

Haka kuma wasan da kansa bai ɗauki jinsi abu mai zaune daram ba. Mayun uku mata ne masu gemu. Uwargidan Makbes ta roƙi aljanu su zare mata tausayin mata, sannan ta riƙa gorin mazantaka har mijin ya kashe Sarki Dankan. A zamanin marubucin ma yara maza ke fitowa a matsayin mata, domin sai a 1660 mata suka hau dandamalin Ingila.

Ɗalibinmu da ke son jarraba irin wannan zambo ya tuna cewa Hausa tana rarrabe "kai" da "ke", abin da Ingilishi ba ya yi, don haka barkwancin ba zai tsallako yadda yake ba. Abin da zai tsallako shi ne jigon wasan: Makbes ya halaka ne saboda ya dogara da lafazi ya bar ma'ana. Wannan gargaɗi ya shafi mai ƙirƙirar sabuwar kalma, ya kuma shafi mai yi mata dariya.