Mai Malfa da Bulala: Mi Ya Sa Wannan Fim Bai Tsufa Ba?

Ya kai mai karatu, fim ma yana tsufa kamar riga. Wani za ka gani bana, baɗi ka manta da sunanshi. Amma akwai wani fim na Amurka da ya fito a shekara ta 1981, har yau ana kallonshi. Waɗanda suka gan shi a gidan silima suna samari, yanzu jikokinsu ke kallonshi a talabijin ko cikin salula. Sunanshi da Ingilishi Raiders of the Lost Ark, da Faransanci kuma Les Aventuriers de l'arche perdue. Ma'anarshi: masu farautar akwatin da ya ɓace. Mutane da yawa suna kiranshi da sunan jarumin kawai, Indiyana Jons.

Steven Spielberg ne ya shirya shi. George Lucas da Philip Kaufman suka ƙago labarin. Harrison Ford ne jarumin. An kashe mashi wajen dalar Amurka miliyan 20, ya maido fiye da miliyan 300. Daga baya an yi mashi ƙanne huɗu, a 1984, 1989, 2008 da 2023. Duk da haka, in ana fira, babban wan ake fara ambata. To, mi ya riƙe shi?

Ga labarin

Labarin yana faruwa a shekara ta 1936. Indiyana malamin jami'a ne a Amurka, mai binciken kayan mutanen dā da ke binne cikin ƙasa. Gwamnatinsu ta ji labari cewa mutanen Hitila, shugaban Jamus, suna tono a Tanis, wani tsohon birni na ƙasar Misira. Suna neman Akwatin Alkawari, wanda Bani Isra'ila suka aje allunan Annabi Musa a ciki. Shi ne Tabuti da aka ambata cikin Suratul Baƙara. Hitila yana so ya mai da shi makamin yaƙi. Aka ce ma Indiyana ya riga su.

Ya bi ta ƙasar Nepal, wurin Mariyon, wadda ya taɓa so ya bari. Ita ke riƙe da wani faifan ƙarfe mai rubutu, wanda ake ɗorawa bisa kan sanda don ya gwada inda akwatin yake. Suka wuce Alƙahira. Abokinshi Salla, gwanin tono, ya taimake su. Suka sami akwatin cikin wani rami cike da macizai. Daga nan sai tsere, a ƙwace, a ƙwato, har ƙarshe.

Jarumin da ke shan kashi

Dubi yadda fim ɗin ya fara. Indiyana ya shiga wani kogo a dajin Amurka ta Kudu. Ya tsallake tarko bayan tarko. Ya iske wani gunki na zinariya bisa dutse. Ya auna rairayi cikin ƴar jaka, ya ɗauke gunkin, ya aje jakar a madadinshi. Awon bai yi daidai ba. Kogon ya fara rushewa, wani ƙaton dutse ya biyo shi yana mirginawa. Da ƙyar ya fita. Yana fitowa sai ga abokin gabanshi Belok, wani Bafaranshe, zaune yana jira. Ya karɓe gunkin ba tare da ya zub da gumi ba.

Haka abin yake tafiya har ƙarshe. Indiyana ya tono akwatin, Belok da Jamusawa suka ƙwace. Ya ƙwato shi bisa hanya, suka sāke ƙwacewa bisa teku. Da aka gama komi, gwamnatinshi ta karɓe, ta rufe cikin akwatin katako, aka tura shi cikin wani makeken sito tsakanin dubban akwatuna. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A ganina, nan ne asirin fim ɗin yake. Wannan jarumi yana jin tsoron maciji. Yana jin ciwo, yana gajiya, dabararshi tana ɓaci. In aka naushe shi, faɗuwa yake. Amma sai ya tashi, ya ɗauki malfarshi, ya ci gaba. Wanda ya taɓa noma gona fari ya cinye, ya koma ya shuka baɗi, ya san wannan mutum. Jarumin da harsashi ba ya kamawa, kallo ɗaya ya isa. Wanda ke faɗuwa kamarka, shi ne kake komawa ka duba ya ya ƙare.

Ido ya isa tafinta

Abu na biyu, ko ba ka jin Ingilishi ko Faransanci, za ka bi labarin. Spielberg yana gwada ma ka abu kafin ya yi aiki da shi. Tun farko ka ga Indiyana ya firgita da maciji guda cikin jirgin sama. Saboda haka, da ya leƙa ramin akwatin ya ga ƙasa tana motsi, kai ma gabanka ya faɗi. Kiɗan John Williams kuma yana faɗa ma ka sa'ad da za ka ji tsoro da sa'ad da za ka yi murna.

A lokacin ba a yin irin wannan aiki da kwamfuta. Inda jarumin ya bi ta ƙarƙashin babbar mota tana gudu, aka ja shi a ƙasa yana riƙe da bulala, mutum ne na gaske ya yi haka. Ƙura ta gaske ce, rana ta gaske ce. A ƙasar Tunisiya aka ɗauki wuraren da aka ce Misira ne. Can zawo ya kama Harrison Ford. An shirya zai yi dogon faɗa da wani mai takobi a kasuwa. Da ya kasa, sai aka gajarta: mai takobi ya gama juya takobinshi, Indiyana ya dube shi a gajiye, ya zaro bindiga ya harbe shi. Abin da ciwo ya jawo ya zama wurin da aka fi tunawa.

Akwai kuma wani wuri da zai yi ma ka daɗi, kai da ka san wahalar haɗa baƙaƙe. Faifan nan yana da rubutu gaba da baya. Jamusawa fuska ɗaya suka samu, don ta ƙone a tafin hannun ɗayansu. Suka yanka sandarsu ta yi tsawo, suka yi ta tono inda babu komi. Indiyana ya kai faifan wurin wani tsoho masani a Alƙahira, ya karanta fuska biyu. Runduna guda da motocinta, rabin karatu ya ɓad da ita.

Ƙarshen ma abin dubawa ne. Belok ya buɗe akwatin bisa wani tsibiri. Indiyana da Mariyon suna ɗaure a jikin turke. Bulala ba ta yi aiki ba, bindiga ba ta yi ba. Abu ɗaya ya ce mata: ta rufe ido. Waɗanda suka leƙa duka suka halaka. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Jarumin ya tsira don ya gane akwai abin da ya fi ƙarfinshi.

Inda ban yarda da shi ba

Amma ka lura da wani abu. Fim ɗin ya girmama Akwatin Alkawari, bai girmama gunkin mutanen daji ba. Su ma abin bautarsu ne. Indiyana ya shiga ba sallama, ya ɗauka, wurin ya rushe, mu kuma muna tafa mashi. Misirawa kuwa, ban da Salla da tsohon masani, ƴan tono ne da ƴan kallo a ƙasarsu. Salla ɗin ma Bature ne ɗan Birtaniya, John Rhys-Davies, ya fito a matsayinshi.

Binciken gaske ba haka yake ba. Tanis gari ne na gaske. Wani Bafaranshe, Pierre Montet, ya fara tono can a 1929. Sai a 1939 ya iske kaburburan sarakuna da kayan zinariya da azurfa. Shekara 10 ke nan. Mai wannan aiki yana auna wuri, yana zanawa, yana rubuta inda kowane tsingaro yake kwance. In aka fizge abu daga mazauninshi, labarinshi ya tafi.

Mu ma mun ga haka. A 1975 aka gano tsohuwar makabarta a Bura, cikin yankin Tera. A 1983 Bube Gado, masanin jami'ar Yamai, ya tona wurin bisa ƙa'ida, ya fito da tukwane da mutum-mutumin yumɓu. Da sunan Bura ya kai Turai cikin shekarun 1990, ƴan kasuwa suka zo da kuɗi. Aka yi ta tonon sata a wurare masu yawa, ana fasa tukwane don a sami kan mutum-mutumi na sayarwa. Wanda ya tona ya sami na cefanen kwana kaɗan. Abin da tukwanen za su faɗa game da kakanni ya ɓace har abada.

To, ya kai mai karatu, in ka sami wannan fim, ka kalla. Bai cika awa 2 ba, kuma ba za ka yi gyangyaɗi ba. Ka yi dariya, ka ji tsoron macizai, ka ga yadda mutum ke faɗuwa yana tashi. Amma in wata rana hauyarka ta ci karo da tsohuwar tukunya a gona, kada ka yi irin na mai malfa. Ka bar ta inda take, ka faɗa ma maigari, a sanar da hukuma.