Cikin da Wuƙa Ta Huda: Sharhi kan Fim ɗin Dry da Abin da Ya Tsallake

Hausawa na cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Karin maganar ba ta shafi haihuwa ba, magana ce a kan mai gaskiya da ba ya tsoron bincike. Amma duk wanda ya taɓa zama cikin matan da suka zo barka a gidan da aka yi wa mai jego tiyata zai ɗauka ma'anarta ta zahiri aka riƙe. Tambayar da ke bin bayan "Allah ya raya" ita ce, da kanta ta haihu? In an ce e, sai a yi hamdala a ci gaba da hira. In an ce aiki aka yi mata, sai murya ta yi ƙasa, a koma jaje a wurin da aka zo taya murna. Harshen kansa ya raba matan gida biyu. Ta farko ita ke aikatawa, ta haihu, ta sauka. Ta biyu kuwa an yi mata, an ciro mata, kamar ba ta nan sa'ad da abin ya faru.

Da wannan a raina na sake kallon Dry, fim ɗin da Stephanie Okereke Linus ta shirya ta kuma fito a cikinsa, wanda ya shiga gidajen kallo na Nijeriya a 2015, ya lashe kyautar gwarzon fim a bikin AMVCA na 2016. Labarin Halima ne, 'yar shekara 13 da aka aurar ga Sani, dattijo ɗan shekara 60. Ta ɗauki ciki, ta sha wahalar naƙuda, ta tashi da yoyon fitsari, miji da dangi suka guje ta saboda zarni. A ɗaya gefen akwai Dakta Zara, likitar da ke zaune a Wales ta Birtaniya, wadda ta dawo gida domin yi wa irin waɗannan mata aikin gyara, daga baya ta gano cewa Halima 'yarta ce da aka raba su tun tana jaririya. Halima ba ta rayu ba.

Fim ɗin ya cancanci yabon da ya samu. Zubaida Ibrahim Fagge, wadda ta fito a matsayin Halima, ta iya shirun yarinyar da ba a taɓa tambayar ra'ayinta ba, kuma kaɗaicin mai yoyo, da yadda mutane ke toshe hanci su ja da baya, an nuna shi ba tare da an yi masa ado ba. Cuta ce da ake ɓoyewa a ƙuryar gida, fim ɗin ya fito da ita tsakar fili.

Inda na rabu da shi shi ne wurin ɗora laifi. Mai kallo yana tashi da mai laifi guda a zuciyarsa, wato Sani, da dalili guda, wato ƙarancin shekaru. Gaskiya ne ƙugun yarinyar da ba ta gama girma ba ya fi saurin tare kan jariri. To amma yoyon fitsari yana da hanyarsa sananniya. Idan kan jariri ya maƙale a ƙugu kwana ɗaya, biyu, uku, yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar kafa. Wannan na iya samun matar da ta haifi biyar lafiya idan na shida ya zo a gicciye. Abin da ya tsaya tsakanin Halima da wulaƙancin da ta gani a daren nan shi ne aikin da sau da yawa ba ya cin sa'a guda a ɗakin tiyata. Wuƙa biyu ce a rayuwar irin su Halima: wadda za ta fito da ɗan kafin ɓarna ta auku, da wadda za ta ɗinke ɓarnar bayan ta auku. Dry ya ɗaukaka ta biyu, ya ba ta jaruma da haske da kiɗa, ta farko kuwa bai ba ta irin wannan matsayi ba. Likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru tun daga shekarun 1980 yana ɗinke dubban mata a Babbar Ruga ta Katsina, kuma mafi yawan waɗanda suka kwanta a gabansa shaida ce ta tiyatar da ba a yi ba a lokacinta.

Akwai kuma wani abu da ya tsaya mini a rai. Me ya sa sai Halima ta zama 'yar likita kafin mutuwarta ta isa a kai ƙara gaban 'yan majalisa? Wannan ƙulli na uwa da 'ya da suka ɓace wa juna ya ƙara wa fim hawaye, amma ya rage masa gaskiya. Halimomin da na sani 'ya'yan iyayensu ne na cikinsu, ba su da wata uwa a Turai da za ta zo nemansu.

Ba yau aka san inda gizo ke saƙa ba. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, ya wallafa sakamakon a 1985, ya nuna cewa mutuwa ta fi yi wa matan da ba su taɓa zuwa awo ba ɗauki ɗai-ɗai, waɗanda ake kawowa bayan abu ya riga ya lalace. Shekara 33 bayan haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Nijeriya ake yi ta tiyata, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai kashi 1 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutuwar uwa da jariri na raguwa yayin da adadin ke hawa zuwa wajen kashi 10. Tazarar da ke tsakanin 1 da 10 ɗin nan mata ne, kuma suna cikin kimanin 82,000 da aka ƙiyasta sun rasu a Nijeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya.

A ƙasar Maradun, wannan tazara tana da wata fuska da fim ɗin 2015 ba zai iya hangowa ba. Naƙuda ta fi son dare, dare kuwa a ƙauyukanmu ya daɗe da fita daga hannun mutanen kirki. A watan Satumba na 2021, kwanaki kaɗan bayan sace ɗalibai a makarantar Kaya, an rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara, an taƙaita zirga-zirgar babura da dare, an rufe kasuwannin mako. Ko wane irin amfani matakin ya yi ta fuskar tsaro, a makonnin nan matar da jini ya ɓalle mata bayan isha'i ba ta da wayar kiran direba, mijinta kuma ba shi da kasuwar da zai kai akuya ya samo kuɗin magani. Tiyata ba wuƙa kaɗai ba ce. Tana buƙatar likita a kusa, da mai allurar kashe zafi, da jini a ajiye, da wutar da ba za ta ɗauke ba, da hanyar da za a bi a iso da rai. Kuma ba za a ce yankin nan ya rasa manya ba: Ahmad Sani daga Bakura ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari daga Talatar Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle daga Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan cikin 24.

Labarin da na fi jin rashinsa, a Dry da sauran finafinanmu, shi ne na matar da aka yi wa aikin ta rayu. A mafi yawan finafinai da littattafan soyayya da na ci karo da su, tiyata ƙofa ce da ake rufewa, miji yana kai da komo, likita ya fito yana girgiza kai. Ana amfani da ita domin a kashe uwargida ko a gwada talaucin miji. Abin da ke bayan ƙofar ba a shiga.

Matar yayana ta shiga. Cikin fari ne, ta yi awonta, ta kwana tana naƙuda, da asuba aka ce bugun zuciyar jariri yana rauni. Sai da aka jira yayana ya iso ya sa hannu, ita da cikin kuwa ba wanda ya miƙa mata biro. Allura aka yi mata a gadon baya, don haka idonta biyu. Ta ce tana jin ana jan cikinta ana turawa, ba zafi, ga ƙyalle an tare mata gani, tana ta maimaita addu'ar da ta zo bakinta, can sai ta ji kuka siriri kamar na ɗan akuya. Aka ɗago mata yarinya ta gani, fatarta duk farin maiƙo, aka wuce da ita. Wannan kuka da kunnenta ta ji shi, kuma har yau in tana ba da labarin a nan take tsayawa ta yi shiru. Ban taɓa ganin wannan a fim ba.

Kwanakin da suka biyo baya haihuwar guzuma ce, ɗiya kwance uwa kwance. Tari ma sai ta dafe ɗinki. Aka yi wa jaririya huɗuba a bakin gadon asibiti, ma'aikaciyar jinya ta dage sai an ba ta dakashi, ruwan nonon farko da tsofaffinmu ke cewa a matse a zubar, mai jego ta shayar da ita a kishingiɗe da matashi a kan ciki. Da aka dawo gida aka shiga barka, wata gwaggonmu ta dubi gadon ta ce, "Mu ɗiya tara munka haihwa a durƙushe, ko maƙwabta ba su ji motsinmu ba. 'Yan yanzu ba su da juriya." Na san biyu cikin taran nan ba su zo da rai ba, na kuma san abokiyar zamanta a naƙuda ta rasu. Amma ba a faɗa wa babba haka, musamman a ɗakin da ake raba goro.

Ba na ganin gwaggo a matsayin muguwa, kuma a nan ne nake ganin marubutanmu ke gazawa, domin sun fi son suruka mai baƙin ciki. Ita abin da aka tarbiyyantar da ita a kai take karewa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da bayanin wannan duniya ta kunyar ɗan fari da wankan jego, duniyar da darajar mace ke cikin abin da ta iya shanyewa. Matar da aka hana ta kuka a naƙuda, shirun nan shi ne lambar girmanta, kuma idan aka ce akwai wata hanya, kamar an ce mata wahalar da ta sha ba ta zama dole ba. Ga kuma wankan jego. Innarmu ta riga ta tara itace da ganyen runhu na kwana arba'in, likita kuwa ya ce kada tafasasshen ruwa ya kusanci ɗinki. Tsoronta na gaske ne, wai sanyi zai shige ta. Aka daidaita a kan ruwa mai ɗumi, aka rage kanwa a kunu, abin da likitocin Zariya irin su Davidson da Parry suka nuna amfaninsa tun shekarun 1970, sa'ad da suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kanwa da zafi. Inna ta yarda, amma ta yi kwana biyu ba ta sakin fuska, domin wankan nan shi ne hanyar da ta sani ta nuna wa surukarta ƙauna. Wannan ja-in-ja tsakanin mutanen da dukansu alheri suke nufi ya ishi fim guda.

A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Mataki ne mai kyau, kuma ya ɗauke nauyin da ke sa magidanci ya ce a ƙara jira zuwa safe. Sai dai bai biya kuɗin mota ba, bai buɗe hanya da dare ba, bai kuma taɓa tambayar nan ta ranar barka ba. Tambayar tana da hatsari na musamman ga wadda aka riga aka yi wa aiki, domin tabon da ke jikin mahaifarta na iya tsagewa a naƙuda ta gaba, don haka dole ta haihu a inda ake iya tiyata. Idan gori ya ishe ta, ta ƙudurta cewa wannan karon za ta nuna musu ita ma mace ce, sai ta ɓoye naƙudarta a ɗaka. Malamai sun karantar da mu cewa wadda ta rasu wurin haihuwa ta yi shahada, kuma muna fatan haka ga duk waɗanda suka tafi. Ban taɓa jin malamin da ya ce a zauna a jira mata shahadar alhali asibiti na nan ba.

Mafi yawan maganar da ke cikin Dry da Turanci ake yin ta, kuma a ƙarshe ga masu mulki ya juya fuskarsa. Watanni bayan suna na kunna wa Inna shi a waya, ina fassara mata, jikarta na barci a cinyarta. Da aka zo wurin naƙudar Halima sai ta ce, "Ke, mi ya hana su kai ta a fidda ɗan, kamar ta gidanmu?" Ta kalli sauran tana tsaki. Kafin Dakta Zara ta fara jawabinta aka kira la'asar, ta miƙo mini yarinyar ta tashi neman buta.