Tsohon Kiɗan Wals na Ogan Ba Kukan Fatalwa Ba Ne

Wani yayi ya kama masu ɗora tsofaffin kaɗe-kaɗe a YouTube da TikTok, ni kuwa bai kwanta mini ba. Mutum zai samo faifan garmaho na shekarun 1930 ko 1940 da aka naɗi kiɗan wals da ogan, ya rage masa sauri, ya dusashe sautin kamar daga ɗakin maƙwabta yake fitowa, ya zuba amsa-kuwwa da yayyafin ruwan sama, ya ƙara ƙaraurawar allura ta bogi, sannan ya liƙa hoton zauren rawa wayam ba kowa. Matasa sai su yi ta tururuwa, suna cewa abin ya sa su kewar zamanin da ko iyayensu ba su riska ba. Ban musa cewa suna jin daɗi ba. Amma daɗin wannan kiɗa a hannu da ƙafar makaɗinsa yake, wannan kwalliya kuwa binne shi take yi.

Wals rawar mutum biyu ce da ta bunƙasa a Vienna, babban birnin Ostiriya, inda Johann Strauss ƙarami ya fitar da shahararren kiɗansa na kogin Danube a 1867. Taku uku ce: na farko mai nauyi, biyun baya sakayau, ana yi ana juyawa. Ta Vienna tana da zafi, ana zagaya taku ukun nan wajen sau 60 a minti guda. Ta Ingila kuwa natsattsiya ce, kusan rabin haka. Shi kuma ogan kakan fiyanon da mawaƙanmu ke amfani da shi ne, sai dai mai kaɗa shi ba ya da gaɓar da ke hutawa. Hannun dama yana jan waƙar. Ƙafar hagu tana taka dogayen sandunan katako da ke ƙasa, ta ba da amo mai kauri a taku na farko. Hannun hagu ya cike na biyu da na uku. Ƙafar dama tana kan wani faffaɗan mataki, tana ƙara murya tana rage ta. Mutum ɗaya, aikin makaɗa goma. Wannan rabon aiki ya yi wa wals daidai kamar don ita aka ƙera ogan.

Yadda kayan coci ya tsinci kansa a gidan rawa ma labari ne. A zamanin fina-finan bebaye, gidajen sinima na Amurka da Ingila suna bukatar wanda zai raka hoto da sauti, albashin tawagar makaɗa kuma ya yi musu nauyi. Sai kamfanin Wurlitzer, mai masana'anta a jihar New York, ya shiga ƙera ogan mai bututai da ke kwaikwayon algaita, goge, ganguna, ƙararrawa, har da kukan jirgin ƙasa. Ya ƙera fiye da 2,000. A nan Jesse Crawford ya yi suna, ya zama makaɗin sinimar Paramount ta New York tun buɗe ta a 1926. An kuma yi dace, domin daga 1925 aka koma naɗar faifai da makirfo, abin da ya sa garmaho ya fara iya ɗaukar rugugin manyan bututai. Da fim mai magana ya iso a 1927, kasuwar ogan a sinima ta fara ja baya, ogan ya nemi abinci a rediyo, a zaurukan rawa, da filayen zamiya da takalmi mai taya.

A ƙarasa Blackpool, garin shaƙatawa na bakin teku a arewa maso yammacin Ingila, inda ma'aikatan masaƙun Lancashire ke kwarara a makon hutunsu na shekara. A zauren rawa na hasumiyar garin, Reginald Dixon ya riƙe ogan daga 1930 zuwa 1970. Wurlitzer ɗin da aka girka masa a 1935 yana nan har yau; ya tsira daga gobarar 1956, kuma Phil Kelsall ya zama babban makaɗinsa a 1977. Kujerar makaɗin da jeri ukun maɓallanta daga ƙarƙashin dandamali take tasowa, fara tas da adon ruwan zinariya, mutumin yana zaune ya ba jama'a baya, kiɗa na tashi tun kafin kansa ya ɓullo. Ƙalubalen da Dixon ya tarar shi ne, ogan mai bututai yakan ɗan yi jinkiri tsakanin danna maɓalli da fitar sauti, masu rawa kuwa ba sa yafe jinkiri. Sai ya gajarta tsawon kowane amo, ya sa ƙafarsa ta zama kamar ganga, har ya zama salon da ake jingina wa garin. Duk wanda ya saurari faifansa zai ji takun yana tsinkewa tsaf-tsaf, ba ja, ba rarrafe.

A Amurka kuma Laurens Hammond ya fito da ogan mai aiki da lantarki a 1935, a kan dala 1,250. Ba bututu ko ɗaya a cikinsa. Wasu ƙananan faya-fayan ƙarfe masu haƙora ne ke juyawa a gaban maganaɗisu suna haifar da sauti. Daga baya Donald Leslie ya ƙera lasifika mai juyawa, wadda ta ba muryar wannan karkarwa mai taɓa zuciya. Ogan ya shiga ƙananan mashaya, gidajen abinci da filayen zamiya. A wannan duniya Ken Griffin ya tashi. A 1948 ya fitar da “You Can't Be True, Dear” a ƙaramin kamfanin Rondo na Chicago, wata wals ce ta Jamus. Aka ɗora muryar mawaƙi Jerry Wayne a kan kiɗan, faifan ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard. A shekarar ya fitar da “Cuckoo Waltz”. Griffin ya rasu a 1956 yana ɗan shekara 46, amma filayen zamiya sun daɗe suna juya faya-fayansa.

Masana kiɗa sun sha raina irin su Griffin, wai ba ya ƙawata komai, waƙar kawai yake bi tiryan-tiryan. To ai abin da aka ɗauke shi ya yi ke nan. Mutum ɗari suna kewaya fili a kan tayoyi, saurayi riƙe da hannun budurwa yana tsoron faɗuwa a gabanta. In makaɗi ya tsaya nuna gwaninta, ya ja wuri ya saki wuri, sai a yi karo. Makaɗin gangar noma a wurin gayya ya san wannan sarai: bugunsa ne ke daidaita saran garma, ranar da ya ce zai yi wa kiɗa yanga, layin manoma ya wargaje. Kiɗan aiki ne, kuma riƙe taku minti uku cur ba tangarɗa, iyakar abin da fuska ɗaya ta faifai mai juyi 78 a minti ke ɗauka, ba ƙaramar ƙwarewa ba ce. Kamewa ce, ba rashin iyawa ba. Wanda ya rage saurin wannan faifai da kwamfuta ya cire ainihin abin da mai shi ya ɓata shekaru yana koyo.

Daga ina aka samo wannan ɗabi'a ta mayar da kiɗan murna abin tsoro? Fina-finai ne suka share hanya. A “Carnival of Souls” na 1962, ogan ne ke raka matattu suna rawa a wani tsohon wurin shaƙatawa da aka yi watsi da shi a jihar Utah. A “The Shining” na 1980, Stanley Kubrick ya cika zauren otal da fatalwowi da tsohon kiɗan rawa. Wannan zauren ne ya zaburar da Leyland Kirby, Baturen Ingila mai laƙabin The Caretaker. Tsakanin 2016 da 2019 ya fitar da wani aiki mai kashi shida, na fiye da awa shida, inda ya ɗauki tsofaffin faya-fayan rawa, galibi na tawagogin makaɗa, yana lalata su sannu a hankali don nuna yadda ciwon mantuwa ke cinye ƙwaƙwalwar tsoho. A 2020 aikin ya bazu a TikTok. Kirby yana da dalili, kuma na yaba masa: rugujewar sautin ita ce saƙon. Masu kwaikwayonsa kuwa sun ga ana rawa sun shiga, ba su ji kiɗan ba. Duk faifan da ya faɗo hannunsu sai sun shafa masa toka, ko da mai shi ya kaɗa shi ne don ma'aikaciyar masaƙa ta manta da gajiyar shekara.

Za a ce mini, in ba don wannan yayi ba, wa zai waiwayi waɗannan faya-fayai? Akwai ƙamshin gaskiya. BBC ta rufe shirinta na ogan, “The Organist Entertains”, a 2018 bayan ya shafe shekara 49, waɗanda suka yi rawa a gaban Dixon kuma suna ta ƙarewa. In yaro ɗan shekara sha bakwai ya fara jin sunan Griffin ta bidiyon ruwan sama, ya fi a ce bai ji ba sam. Sai dai abin takaici, sau da yawa ko sunan ba a rubutawa. Ba makaɗi, ba shekara, ba kamfani. An mayar da aikin mutum turaren ɗaki. Yaron zai tashi da zaton cewa mutanen da cikin hazo da baƙin ciki suka rayu, alhali su da suka sayi faifan sabo fil suka saye shi, allurarsu sabuwa, sautin garau gwargwadon fasahar lokacin. Ƙaraurawar da muke yi wa kallon ado, a wurinsu alamar faifai ya tsufa ce.

Ba kuma ina goyon bayan masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren ba ne, waɗanda ke wanke faifai da manhaja har sai sun kankare hucin bututu da amon zaure tare da dattin, a bar sauti fayau ba gishiri. Da tsohuwar zuma ake magani, amma zumar ake bukata, ba ƙurar tulun ba, ba kuma ruwan da aka ɗauraye shi da shi ba. Mai adana kayan tarihi na gari yakan share abin da zamani ya ɓata, ya bar abin da makaɗi ya yi.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma na yarda akwai gajiyar zamani a cikin wannan kewa. Ba laifi mutum ya nemi mafaka a tsohon sauti. Roƙona ga masu ɗorawa kaɗan ne: a juya faifan a saurinsa na asali, a rubuta sunan wanda ya kaɗa da shekarar, in an ga dama a yi wasa da shi a faɗa wa jama'a an yi, a kuma ajiye na ainihin a gefe. Mai sauraro kuma ya gwada ƙirga ɗaya, biyu, uku tare da ƙafar hagun makaɗin. In ƙafarsa ta fara motsi, to ya ji abin da aka naɗa. In barci ya ɗauke shi, aikin wani ya saurara, ba na Dixon ko Griffin ba.