Darasin Kai-tsaye ta Intanet da Koyar da Tsarin Sauti: Sharhi Daga Ƙasar Fika

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na 1920 da ɗari, wato 2020, aka rufe makarantun Nijeriya saboda annobar korona. A watan Afrilu kuma Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umurci shugabannin manyan makarantu da su koma koyarwa ta intanet. Umurnin bai yi tasiri sosai a jami'o'in gwamnati ba, domin ya tarar da ƙungiyar ASUU cikin yajin aikin da bai ƙare ba sai a watan Disamba. Amma ya bar wani ra'ayi da ya zauna a zukatan masu gudanar da ilmi, cewa muddin malami yana ganin ɗalibi yana kuma jin sa nan take ta Zoom ko Google Meet, to, an sami aji, ba abin da ya rage sai alli da ƙura.

Manufar wannan maƙala ita ce auna wannan ra'ayi a kan fanni guda, wato tsarin sauti, a kuma wuri guda, wato ƙasar Fika ta Jihar Yobe. Abin da ake nufi da darasin kai-tsaye a nan shi ne wanda malami da ɗalibai ke haɗuwa a lokaci ɗaya ta murya da hoto, ba wanda ake naɗa a aika ba.

2.0 Dalilin Zaɓen Fika

Garin Fika yana kudu da Potiskum, kuma a Potiskum fadar Moi Fika take tun 1924. A wannan yanki Bolanci da Karekare da Ngizim da Ngamo suke maƙwabtaka, dukkansu ’yan gidan Chadi, ga Hausa ta zama harshen kasuwa da makaranta. Ɗalibin da ya fito daga nan, ko yana Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Potiskum ko Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu ko Jami'ar Maiduguri, sau da yawa yakan zo aji da tsarin sauti biyu ko uku a bakinsa.

Masana sun daɗe da sanin darajar wurin. Lukas (1969) ya yi nazarin yadda wasu baƙaƙen Bolanci ke barin karin sauti ya ratsa su, wasu kuma su tare shi. Russell Schuh ya zauna a Potiskum a 1969 zuwa 1970 yana nazarin Ngizim, ya fitar da ƙamusunsa a 1981. Daga baya shi da Alhaji Maina Gimba suka jagoranci aikin binciken harsunan Yobe wanda ya samar da ƙamusoshi a 2004, sa'an nan babban ƙamusun Bolanci a 2015, shekara guda kafin rasuwar Schuh. Duk wannan aiki da kunne aka yi shi, mai bincike da mai harshe suna zaune wuri ɗaya. Tambayar ita ce ko na'ura tana isar da abin da wannan kunne ke bukata.

3.0 Abin da Na'ura ke Yi wa Murya

Manhajar ganawa ba ta ɗaukar murya ta kai ta yadda take. Takan yayyanka ta gutsi-gutsi, kowane gutsure kimanin milisakan 20, ta matse, ta tace abin da ta ɗauka hayaniya ce, sa'an nan ta aika. Idan wani gutsure ya ɓata a hanya, sai na'urar mai sauraro ta ƙago abin da za ta cike gurbin. Idan gutsattsarin suka makara ko suka taru, sai ta ɗan ja maganar ko ta ɗan gaggauta ta. An ƙera wannan duka ne domin a fahimci saƙo, ba domin a adana siffar furuci ba. Ga mai taron kasuwanci wannan alheri ne. Ga malamin tsarin sauti kuwa, abin da ake tacewa shi ne darasin.

3.1 Karin Sauti

Mai tsammanin karin sauti ne zai fara lalacewa ya yi kuskure. Binciken da Zhang da abokan aikinsa suka buga a 2021, inda suka kwatanta murya da aka ɗauka ta Zoom da wadda aka ɗauka da rakoda, ya nuna cewa tashi da saukar murya na isa lafiya, ko da yake ƙarfinta yakan faɗi ba zato. Ke nan ɗalibi a Fika zai iya rarrabe bàaba (uba) da baabà (uwa) da baabaa (na rini), haka kuma kuukàa ta miya da kuukaa na hawaye. Ta wannan fuska masu goyon bayan darasin kai-tsaye suna da gaskiya, kuma ya kamata a ba su ita.

Sai dai a Bolanci maganar ba ta tsaya a kan kari kaɗai ba. Karin sama yakan yaɗu zuwa gaɓa mai karin ƙasa da ke biye da shi, amma idan gaɓar ta fara da baƙi mai ziza irin su b da d da g da z, yaɗuwar ba ta yiwuwa. Haɗiyau kuwa, wato ɓ da ɗ, ba sa tarewa. Ashe ke nan ɗalibi ba zai gane dokar ba sai ya ji bambancin b da ɓ sarai a cikin jimla mai gudu. Karin ya iso, amma dalilinsa yana cikin baƙin da ke gabansa.

3.2 Tsawon Wasali

A nan ne babbar matsalar take. Bambancin gàrii da gàarii ba na kari ba ne, na lokaci ne, kuma a magana ta yau da kullum da wuya ya wuce kashi ɗaya bisa goma na sakan. Na'urar da ke ja da gaggauta magana domin ta daidaita tafiyar gutsattsari, lokacin nan take taɓawa. Sanker da abokan aikinta (2021) sun nuna cewa na'ura da manhajar da aka ɗauki murya da su suna sauya awon da ake samu, har da na tsawon sauti. A tsakiyar kalma da sauƙi, domin gajeren wasali da dogo sun ɗan bambanta a siffa ma, kunnen Bahaushe yakan kama wannan. A ƙarshen kalma ne abin ke tsananta. Gajeren wasalin ƙarshe yakan rufe da ’yar hamza idan an dakata, kamar a bambancin hannuu da à hannu, kuma wannan ’yar alama mai rauni tana faɗowa daidai inda matatar hayaniya ke yanke murya.

A duba waɗannan:

(a) yaa zoo
(b) ya zoo
(c) yà zoo
(d) yâa zoo

Rubutun yau da kullum ya mai da su duka ya zo. Na farko shuɗaɗɗe ne, na biyu shuɗaɗɗe dogarau, na uku umurtau, na huɗu kuma mai zuwa ne na tsammani. Kari ya raba (c) da (d) daga sauran, amma (a) da (b) tsawo ne kurum ya raba su. Ɗalibin da Hausa ce harshensa na biyu, wanda shi ne ya fi bukatar darasin, shi ne kuma ba shi da abin da zai cike giɓin da shi daga cikin kansa.

3.3 Baƙaƙe

Tunkuɗau kamar ƙ da ts sun dogara ga ɗan fashewar iska mai kaifi, wanda ya yi kama da ƙwanƙwasar da aka koya wa manhaja ta share. Bàakii da bàaƙii, ko saaràa da tsaaràa, ba abin da ya raba su sai wannan. Haka ra-kaɗe da ra-gare a baràa na gidan sarki da bar̃àa ta almajiri. Ngizim kuma yana da zuzau na gefen harshe, mai ziza da marar ziza, waɗanda babu su a Hausa, kuma ba a koyon su sai an ga bakin mai furtawa. Ganin bakin kuwa na bukatar hoto, hoto kuma na cin kuɗi. Bisa ƙiyasin kamfanin Zoom kansa, murya kaɗai na bukatar kilobit 60 zuwa 80 a sakan, wato kimanin megabait 30 a awa, hoton taro mai kyau kuwa ya ninka haka fiye da sau goma. Tun bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince da shi a kan kuɗin sadarwa a Janairun 2025, ba abin mamaki ba ne ɗalibi ya kashe hoto ya bar murya.

4.0 Musayar Magana

Kalmar kai-tsaye ita kanta tana bukatar tuhuma. Stivers da abokan aikinta (2009) sun auna harsuna goma, suka tarar tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa tana kewayen milisakan 200. Ƙungiyar sadarwa ta duniya ta ba da shawarar kada jinkirin murya ya wuce milisakan 150 a tafiya guda. Boland da abokan aikinta (2022) a Jami'ar Michigan sun tarar tazarar amsa ta Zoom ta ninka ta fuska-da-fuska fiye da sau uku, wannan kuwa a Amurka ne, ba a ƙauyen da sandar sadarwa ɗaya ke ɗauke da kowa ba.

Illar wannan ga ajin harshe ita ce mutuwar amshi. Tun daga makarantar allo har zuwa ajin furuci na jami'a, malami yakan faɗa ɗalibai su maimaita baki ɗaya, shi kuma ya tsinci muryar da ta kauce. A darasin intanet kowane ɗalibi da nasa jinkirin, manhaja kuma takan fifita murya mafi ƙarfi ta danne saura. Dole malami ya rufe bakin kowa ya riƙa buɗewa ɗaya-ɗaya. Aji mai mutum 60 a zama na minti 40, wanda shi ne iyakar Zoom na kyauta, ba zai ba kowa ko minti guda ba. Abin da ya saura lacca ce, lacca kuwa rediyo ma ya iya ta, da araha.

Akwai kuma abin da mutanen Yobe ba su manta ba. A watan Mayu na 2013, bayan kafa dokar ta-ɓaci, an katse layukan wayar salula a jihar na tsawon makonni. Tsarin karatun da ya rataya gaba ɗaya a kan sandar sadarwa ya rataya ne a kan abin da ba makaranta ke iko da shi ba.

5.0 Inda Amfanin Yake

Kuskuren masu ra'ayin ba wai sun yabi na'urar ba ne, sun yabe ta ne a kan abin da ba ta iya ba, suka bar abin da ta iya. Malami zai iya nuna fuskar kwamfutarsa ga kowa, ya buɗe manhajar Praat ta Boersma da Weenink, wadda kyauta ce, ɗalibai su ga layin karin sauti yana hawa da sauka, su ga tsawon wasali an auna shi. Allon bango bai taɓa yin wannan ba. Sharaɗin shi ne muryar da za a auna ta kasance an ɗauke ta tun farko a wayar mai magana an aiko da ita cikakkiya, ba wadda ta bi ta cikin taron ba. Ga wanda layinsa ke da ƙarfi, Zoom yana da maɓallin da ke kashe matatar hayaniya, wanda aka tanada domin makaɗa, kuma malamin furuci ya fi makaɗi bukatar sa.

Amfani na biyu ya fi girma, kuma alƙiblarsa ta saɓa wa yadda ake zato. Kullum ana maganar yadda za a kai malamin Kano ko Zariya ga ɗalibin Fika. Ba a cika tunanin kai dattijon Fika ajin Kano ba. Darasin dabarun bincike a sassan harsunan Nijeriya ya daɗe yana fama da rashin mai harshe, har akan ƙare da nazarin Hausa a ajin da aka buɗe domin wani harshe. Ga ginin jimla da ma'ana da adabin baka, inda milisakan ba ya sauya hukunci, mai Bolanci ko Ngamo zai iya zama a gidansa ɗalibai su yi masa tambayoyi, a kwatanta karin harshen Fika da na Gombe a zama ɗaya. Sai dai irin wannan zama yana bukatar sashen ya biya dattijon ladan lokacinsa da kuɗin sadarwarsa, ya kuma ajiye wani ɗalibi kusa da shi da rakoda, domin kalmomin da za a sa wa alamar kari da tsawo a ɗauke su daga bakinsa.