Tarken Haukan Suibhne: Shin Labari Yana Warkarwa?

Daga cikin labaran gargajiya na al'ummar Kelt ta ƙasar Ailan akwai Buile Suibhne, wato Haukan Suibhne, wanda mawaƙi Seamus Heaney ya mayar cikin Ingilishi a 1983. Tauraron labarin sarki ne da waliyyi Ronan ya tsine wa, har ya zautu a fagen yaƙin Mag Rath na shekarar 637. Ya faɗa daji yana kwana bisa itatuwa tamkar tsuntsu, yana rera baitoci a kan sanyi da yunwa da kaɗaici.

Masu ɗaukar irin waɗannan labarai a matsayin maganin ƙuncin rai sukan tsallake abu guda: Suibhne bai warke sarai ba, kuma mashin wani makiyayi ne ajalinsa. Iyakar rabonsa shi ne mai sauraro, domin waliyyi Moling ya nemi ya riƙa zuwa kowace yamma yana ba da labarinsa, shi kuwa yana rubutawa. A nan jigon yake. Labari ba ya mayar wa mutum abin da yaƙi ya cinye, amma yana hana mai rauni ya mutu ba a ji kukansa ba.