Jinjina ga Mujallun da Ba Sa Karɓar Ko Anini

A shekarar 2010, yayin da gubar dalma ta yi ta ɗauke ƙananan yara a Dareta ta ƙasar Anka da Yargalma ta Bukkuyum, saboda dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida, ƙurarsa tana sauka bisa tabarma da kwanon tuwo, mujallar MMWR ta hukumar CDC ta Amurka ta buga bayanin wannan musiba, ba ta nemi ko anini daga marubuta ko masu karatu ba. Likita a Gummi, muddin ya sami intanet, zai karanta kamar takwaransa na Landan. Wannan shi ne ilmi fisabilillahi, irin na malaman zaure, kuma wajibi ne jami'o'inmu su raya irin waɗannan mujallu.